Martani: Yaron da Aka Ƙwace wa Waya Bai Tsira Ba

Na karanta rubutun da wani malami marubuci ya yi kwanan nan a kan yara da abokan da suke yi a intanet, na kuma ga yadda iyaye suke ta tura wa juna shi suna sa masa albarka. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya haifa ya san faɗuwar gaban da uba kan ji idan ya ga 'yarsa ta sunkuyar da kai a kan waya tana murmushi, bai san da wa take magana ba. Malam ya sosa wa jama'a inda yake yi musu ƙaiƙayi. Sai dai shawarar da ya bayar, in aka bi ta yadda ya ce, za ta tura yaranmu cikin abin da muke gudar musu, shi ya sa na ga shiru bai kamata ba.

Bari in fara kawo maganarsa yadda ya yi ta, don kada a ce na yi masa ƙage. Malam ya ce babu wani abu wai shi abota a intanet, domin wanda ba ka ga fuskarsa ba, ba ka san gidansu ba, ba ka san wa ya haife shi ba, ba abokinka ba ne. Ya ce kafofin sada zumunta cike suke da 'yan damfara da masu lalata yara, ya kawo labarin Cynthia Osokogu a matsayin shaida. Daga nan ya yanke hukunci: kada a bar namiji ya riƙe waya mai intanet sai ya cika shekara 18, mace kuwa sai ta shiga ɗakin mijinta. Ya ƙara da cewa su kansu Turawan da suka ƙera abin sun fara hana 'ya'yansu, ya ambaci Ostireliya. A ƙarshe ya shawarci iyaye su riƙa laluben kayan 'ya'yansu a ɓoye, wanda duk aka kama da waya ko da hira da baƙo a fasa wayar a gabansa, a yi masa dukan da zai zama darasi ga ƙannensa.

Haɗarin da ya ambata gaskiya ne, ba ni da ja a kansa. Na kuma yarda ɗan shekara takwas ba shi da abin yi a TikTok. Su kansu kamfanonin TikTok da Facebook da Instagram sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, mu ne muke taya yara ƙaryar shekaru. Iyakar inda muka haɗu da Malam ke nan.

Mu ɗauki labarin Cynthia ɗin, domin a nan hujjarsa ta fara rushewa. A watan Yulin 2012 aka kashe ta a wani otal a unguwar Festac da ke Legas, bayan wasu samari da ta sani ta Facebook sun gayyace ta da sunan harkar kasuwanci. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Amma shekarunta nawa? 24. Tana karatun digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, tana kuma da shagonta na sutura. Haka Iniubong Umoren, wadda aka yaudara da alƙawarin aiki aka kashe ta a Akwa Ibom a 2021 bayan ta rubuta a Twitter cewa tana neman aiki, ta riga ta gama jami'a. Dokar Malam ta shekara 18 wace ce za ta ceta a cikinsu? Ba laifinsu nake gani ba, laifin na makasansu ne. Abin da nake nunawa shi ne, cika shekara 18 ba ya sauko wa mutum da sanin makircin mayaudara. Koyonsa ake yi. Yaron da aka hana taɓa waya har ya gama sakandare, ranar da za a miƙa masa ita ita ce ranar da zai bar gida zuwa Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ya kwana cikin ɗalibai, babu uwa babu uba. An ɗage darasin ke nan daga lokacin da yake gabanka kana iya gyara masa, an kai shi lokacin da ba ka nan. Wannan wane irin tsaro ne?

Wannan ma idan hanin ya yi aiki ke nan. To yana yi? Malam ya tambayi malaman makarantun kwana abin da ake tsinta ranar binciken akwatuna. Ya zaga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga su wa suke cinikin tsofaffin wayoyi. Yaron da ba shi da tasa yana da ta mahaifiyarsa idan ta shiga girki, da ta yayansa idan ya sa caji, da ta abokinsa a bayan aji. Yarinyar da aka hana a gida kuwa, akwai mai saya mata a waje, kuma dukanmu mun san ko wane ne shi da abin da yake so. Daga ranar da ta karɓi wayar nan ta tura ta ƙarƙashin katifa, ta shiga bashinsa, ta kuma samu sirrin da ba za ta iya gaya wa kowa a gidan ba. Mun ma taɓa gwada irin wannan hanya. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano da sunan kare tarbiyyar 'yan mata. Yau labaran suna nan a zaurukan WhatsApp da Wattpad, wasunsu sun fi waɗanda aka ƙona muni nesa ba kusa ba, kuma ba mai tace su.

Ya kamata mu tsaya mu duba yadda mai lalata yara yake aiki, domin Malam ya siffanta shi kamar wanda yake faɗowa dare ɗaya, alhali a hankali yake zuwa. Yakan fara ganin yaro a wurin da jama'a suke, zauren masoya wata ƙungiyar ƙwallo, ko wasan Free Fire, ko ƙarƙashin wani bidiyo. Sai ya yaba masa. Sai ya ce shi ma shekarunsa 15, ko ya sa hoton wata budurwa a shafinsa. Sai ya ce su koma hira su biyu, nan hayaniya ta yi yawa. Sai kyauta ta biyo baya, yau data, gobe katin waya, jibi dubu biyu a asusu. Yana tambaya, yana saurare: wa yake takura maka a gida, babanki yana da zafi ko? Kafin a ankara ya zama shi kaɗai ne mai fahimtar yaron a duniya. Sannan maganar da duk aikin ya rataya a kanta ta fito: kada ki gaya wa kowa, tsakaninmu ne. Bayanta sai neman hoto, na farko da hijabi, na biyu babu, na uku wanda ba a faɗa. Ranar da hoton ya shiga hannunsa murya takan sauya. Ko kuɗi, ko ƙarin hoto, ko ki zo inda nake, in ba haka ba in tura wa babanki da 'yan ajinku.

A dubi barazanar nan da kyau. Da me yake tsorata yarinyar? Ba ya kusa da ita, mai yiwuwa ma yana wata jiha ko wata ƙasa. Da ubanta yake tsorata ta. Ƙarfinsa duka daga tsoron da take yi wa gidansu yake samo shi. Uban da ya rantse sai ya karya duk wanda ya kama da waya, shi ne ya miƙa wa mutumin nan makamin, ba da saninsa ba. Yarinyar da ta tabbata in ta faɗa za a tsaya mata kafin a yi mata faɗa, barazanar ba ta da abin kamawa a jikinta. To shawarar fasa waya da duka, wa ta ƙarfafa, uban ko mayaudarin? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ake magana a nan ita ce wadda take tsakanin yaro da iyayensa.

Ba zato nake yi ba. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 17 a jihar Michigan ta Amurka ya samu saƙo a Instagram daga shafin da ya ɗauka na budurwa ne. Aka ja shi har ya tura hoton tsiraicinsa, aka nemi dala 1,000, ya tura 300, aka ci gaba da matsa masa. Kafin gari ya waye ya kashe kansa a cikin ɗakinsa. Waɗanda suka yi masa haka wa ne da ƙane daga Legas; an miƙa su ga Amurka a 2023, a Satumban 2024 kowannensu ya samu ɗaurin shekara 17 da rabi. A Yulin 2024 kuma kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kimanin 63,000 a Najeriya masu irin wannan sana'a. A cikinmu masu yin ta suke, kada wani ya ɗauka 'ya'yan Turawa kaɗai suke farauta. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne sa'o'i kaɗan ne tsakanin saƙon farko da mutuwar yaron, kuma a cikinsu bai tashi wani babba ya gaya masa halin da yake ciki ba. Idan kunya kaɗai ta iya kai yaro nan, ina ga wanda aka haɗa masa kunya da alƙawarin bulala?

Akwai kuma abin da Malam ya tsallake gaba ɗaya. Ya gina maganarsa a kan cewa haɗari daga baƙo yake zuwa, wanda aka san gidansu kuwa an tsira da shi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF da hukumar CDC ta Amurka ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma a Najeriya an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma akasarin masu yin haka mutanen da yaran suka sani ne. Waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Kano ba ta manta da Hanifa ba, 'yar shekara biyar. Wanda a 2022 kotu ta samu da laifin sace ta da kashe ta mai makarantarsu ne, mutumin da aka san fuskarsa aka kuma ba shi amana. Sanin gidan mutum bai taɓa zama shaidar halinsa ba. Mu da muke ɗora wa 'yar shekara goma tiren talla mu tura ta tasha da gareji cikin ƙartin da ba mu sani ba har bayan magariba, da wane baki za mu ce baƙon cikin waya kaɗai muke tsoro? Yaron da aka koya wa ya ƙi kyautar da ake cewa a ɓoye, ya ƙi sirrin da ake cewa kada iyaye su ji, ya samu abin kare kansa daga na cikin waya da na bakin layi baki ɗaya. Wanda aka ƙwace wa waya kawai, ko ɗaya bai samu ba.

Batun cewa babu abota sai da ganin fuska kuwa, Malam ya manta da zamanin ƙuruciyarsa ne. Mutane nawa suka san juna ta gaisuwar Zaɓi Sonka a rediyon Kaduna, ko ta ƙungiyoyin masu sauraron sashen Hausa na BBC da Muryar Jamus, daga Kumasi zuwa Maraɗi zuwa Garwa, suka daɗe suna musayar wasiƙa kafin su ga juna, har zumunci ya ƙullu tsakanin gidajensu? Ba wanda ya ce da su 'yan iska. Abin da ya sa abotar ta zauna lafiya shi ne a fili ake yin ta: sunanka a rediyo ake karantawa, wasiƙar ta akwatin gidan waya take zuwa, kowa a gida ya san kana da aboki a Agadas.

Yau ma irin wannan abota tana nan. Akwai zaurukan hadda inda yarinyar Gusau take sauraron karatun ta Damagaram tana gyara mata. Akwai yaron da yake son koyon zane ko haɗa manhaja, a unguwarsu babu mai wannan sha'awar, sai a intanet ya samu sa'anninsa. Akwai mai ciwon sikila da take kwana asibiti fiye da yadda take zama a aji, ta samu masu irin ciwonta da ba sai ta yi musu dogon bayani ba. Akwai kurame, waɗanda rubutaccen saƙo ya buɗe musu hirar da ba su taɓa samu da masu ji ba. Akwai yaran da rikici ya kora daga ƙauyukan Zamfara da Borno, wayar nan ita ce kaɗai ta rage tsakaninsu da waɗanda suka taso tare. Duk waɗannan Malam zai dube su ya ce abokansu ba abokai ba ne? Sannan mu tuna yawancin waɗanda yaro yake hira da su a waya 'yan ajinsu ne da 'yan Islamiyyarsu da 'ya'yan goggonninsa. Da aka rufe makarantu a 2020 saboda korona, ta nan suka riƙe juna. Ɗalibin da zai rubuta JAMB kuwa, tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar, kuma rajistarta sai da lambar waya. Ta yaya za mu hana shi kusantar abin har zuwa shekarar da za a gwada shi a kansa?

Hujjar Ostireliya ba ta tsaya wa Malam ba. Dokar kafofin sada zumunta da majalisarsu ta zartar a Nuwamban 2024 iyakarta shekara 16, mace da namiji ɗaya. Ba ta hana yaro riƙe waya ba, ba ta hana shi intanet ba, ba ta haɗa da WhatsApp ba. Kuma hukuncinta a kan kamfanoni yake, tarar da za ta iya kai dalar Ostireliya miliyan 49.5, babu ko sisi a kan yaro ko iyayensa. Su manyan kamfanoni suka kama, mu kuma Malam yana cewa mu kama yaro mu daka. Da ya nemi hukumominmu su matsa wa kamfanonin nan su ɗauki ma'aikata masu jin Hausa da za su riƙa duba ƙorafin da ake kai musu, da ni ne farkon mai mara masa baya.

Maganar mace sai ta yi aure ita ce ta fi ba ni takaici. Wadda aka kai ɗakin miji ba ta taɓa sanin yadda ake rufe shafi ko toshe mai damunta ba, ita ce gobe uwar da za a ce ta sa ido a kan wayar 'ya'yanta. Da wane sani za ta yi? Ita ce kuma za ta fara sayar da turaren wuta ko atamfa ta WhatsApp, ɗan damfara na farko da ya ce ta karanto masa lambobi shida da aka turo mata ya tafi da WhatsApp ɗinta. Ga shi kuma tsananta wa mata yakan sa a saki maza sakaka, alhali hukumar FBI ta Amurka ta sha faɗa cewa a damfarar hoton tsiraici ta neman kuɗi, samari 'yan shekara 14 zuwa 17 aka fi kamawa.

Ban ce uba ba shi da haƙƙin duba wayar ɗansa ba. Yana da shi, wajibinsa ne ma. Rigimata da Malam a kan kalmar ɓoye ce. Suratul Hujurat ta hana mu bin diddigin asirin juna, kuma ko da malamai sun ba uba uzuri a kan ɗansa ƙarami, hikimar hanin tana nan: wanda ya gane ana laluben kayansa a bayan idonsa, ƙwarewa yake ƙarawa a ɓoyo. Zai koyi goge saƙo, ya buɗe shafi na biyu, ya sa wa saurayi sunan mace. A gaya wa yaro tun ranar da aka ba shi wayar: na san lambar sirrinta, zan riƙa dubawa a gabanka, kuma da dare a falo take kwana. Kamfanonin ma sun tanadi kayan aikin da ake yin haka a fili. Family Link na Google yana ba uba damar iyakance lokaci da irin manhajar da za a sauke. TikTok yana da Family Pairing, kuma tun 2020 ya rufe saƙon sirri ga 'yan ƙasa da 16. Instagram ya fito da shafukan matasa a Satumban 2024, waɗanda a rufe suke tun asali, ɗan ƙasa da 16 ba ya iya buɗe su sai da izinin iyaye, uba kuma yana ganin da wa ɗansa yake hira ba tare da karanta hirar ba. Duk wannan ba ya aiki idan an yi ƙaryar shekaru wajen buɗe shafin, kuma ba ya aiki a wayar da take ƙarƙashin katifa.

Ni abin da nake kira a yi, shi ne abin da iyayenmu suka yi mana da aike. Ba a tura ɗan shekara biyar kasuwar Kurmi, ba a kuma tsare shi a ɗaka sai ya yi gemu. Ana fara aikensa shagon ƙofar gida ana hango shi, sannan bakin titi tare da yayansa, sannan kasuwa shi kaɗai bayan an ga ya san canji ya san hanya. Ɗan ƙasa da 13 ya yi amfani da wayar gida a tsakar gida, abokan hirarsa su zama waɗanda uwarsa ta san iyayensu. Daga 13 a buɗe masa shafi da shekarunsa na gaskiya, a rufe, ya fara da waɗanda ya sani ido da ido. Idan zai shiga zauren da babu wanda ya sani, ya zama zauren wani abu ne takamaimai, karatu ko sana'a ko wasa, mai shugaba babba da za a iya kira a waya. Sabon aboki a ambaci sunansa a gida kamar yadda ake ambatar na makaranta. Abokin da ya ƙi a san da shi, wannan kaɗai ya isa a rabu da shi.

Akwai abubuwan da ba a bayarwa ko an shaƙu: kwatancen gida, sunan makaranta, hoto da kayan makaranta, lokacin da Baba yake fita da dawowa, irin motarsa. A ƙasar da masu garkuwa da mutane suke biyan masu kai musu rahoto, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hoton da yaro ba zai iya nuna wa mahaifiyarsa ba, kada ya ɗauke shi ma, balle ya tura. Kiran bidiyo yana rage shakka amma ba ya kawar da ita, tunda yanzu ana iya ƙirƙirar fuska da murya. Idan kuma abota ta yi ƙarfi har ana son haɗuwa, wannan abin farin ciki ne, sai a yi shi yadda aka saba: iyaye su yi magana da iyaye, a haɗu da rana, a gida ko a cikin jama'a, da babba a wurin. Babu otal, babu ɗakin aboki, babu zo ki karɓi saƙo.

Na san inda gizo yake saƙar a gidajenmu. Kunya. Uba ba ya iya zama da 'yarsa budurwa ya yi mata maganar hoton tsiraici, uwa ma takan kau da kai ga ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa. Ba na cewa a zubar da wannan, ado ne a wurinmu. Amma al'adar da ta sa kunya tsakanin ɗa da mahaifi ita ce ta tanadi goggo da inna da kawu da yaya, ta kuma tanadi kaka wadda ake wasa da ita ana gaya mata abin da ba a gaya wa kowa. A zaɓi ɗaya daga cikinsu, mai hankali mai riƙe magana, a gaya wa yaron a fili: duk abin da ya same ka a waya, komai muninsa, ka je wurin goggonka, ba za a dake ka ba. A kuma cika alƙawarin ranar da ya zo, domin ƙannensa suna kallo, kuma daga abin da aka yi masa za su yanke ko su ma za su faɗa.

Ranar da ya zo ɗin, kada a biya ko kwabo, domin wanda aka biya dawowa yake yi. Kada a goge hirar, kada a fasa wayar, a cikinta shaidar take; wannan kaɗai ya isa ya nuna illar shawarar Malam. A ɗauki hoton saƙonnin da sunan shafin da lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, sannan a toshe mutumin, a kai ƙorafi ga kamfanin. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta janyo yaro zuwa lalata ta intanet da mallaka ko yaɗa hotunan tsiraicin yara, kuma ana kai irin wannan ƙara wurin NAPTIP ko cibiyar 'yan sanda mai yaƙi da laifukan intanet. Akwai kuma Take It Down, wani shafi na kyauta da cibiyar NCMEC ta Amurka ta buɗe domin 'yan ƙasa da 18, wanda yake taimakawa a cire irin hoton daga Facebook da Instagram da TikTok ba tare da hoton ya bar wayar yaron ba. Yaron da aka yi wa haka wanda aka zalunta ne, ko da shi ya tura hoton da hannunsa. Faɗa da nasiha suna da ranarsu, amma ba ranar ba ce.

Malam, iyaye suna jin maganarka, shi ya sa nauyinta ya fi na tawa. In ma ba ka yarda da sauran abin da na faɗa ba, ina roƙonka ka janye maganar fasa waya da duka. Ka sake rubutu ka gaya wa iyayen da suka sa maka albarka su kira 'ya'yansu, masu waya da waɗanda ake zaton ba su da ita, su faɗa musu sunan wanda za su je wurinsa idan wani ya tsorata su.